Daga Bindiga Zuwa Kyamara: Tarihin Safari a Afirka da Darasin da ke Cikinsa

GABATARWA

Kowace shekara dubban baƙi daga Turai da Amurka da Asiya sukan sauka a Nairobi ko Arusha, su biya kuɗi masu yawa, a zuba su cikin mota mai buɗaɗɗen rufi a shiga daji da su, domin su kalli namun daji su ɗauki hotunansu. Wannan tafiya ita ake kira safari. Hoton da sukan koma gida da shi kuwa kusan iri ɗaya ne: fili fetal iyakar ganin ido, itacen ƙaya guda ɗaya, giwa ko zaki a gindinsa, rana tana shirin faɗuwa, babu bukka, babu saniya, babu ɗan Adam. Wanda ya kalli hoton sai ya ɗauka haka wurin yake tun ran da Allah ya halicce shi.

Manufar wannan lacca ita ce a bi diddigin wannan hoto, a ga yadda aka yi ya samu. Tarihi ya nuna cewa dajin nan da ba kowa cikinsa yin sa aka yi, cikin shekaru kamar saba'in, watau daga 1890 zuwa 1960, ta hanyar annoba da doka da tashin jama'a daga mazauninsu. Ya kuma nuna cewa kyamara ta ceci dabbobi masu yawa daga bakin bindiga, amma ta gaji wata tambaya wadda bindiga ta bari ba amsa: wa ke da dajin, wa ke cin moriyarsa, wa kuma ke ɗaukar hasararsa? Tambayar ta shafi ɗalibin tarihi, ta kuma fi shafar ma'aikacin gwamnati wanda wata rana takardar shata iyakar gandun daji za ta zo teburinsa.

ASALIN SAFARI

Kalmar safari ta Sawahilanci ce, ma'anarta tafiya, asalinta kuwa Larabci ne, daga tushen da Hausa ta samo kalmar safara. Dangantakar ba ta tsaya ga kalma kaɗai ba. A ƙarni na 19, in an ce safari a gaɓar tekun Afirka ta Gabas, ana nufin ayarin fatake wanda yakan tashi daga Bagamoyo, daura da tsibirin Zanzibar, ya bi ta Tabora har Ujiji a bakin tabkin Tanganyika, tafiyar watanni. Kamar ayarin goro mai zuwa Gwanja, yana da madugunsa da jagoransa da zangunansa. Bambancin shi ne dabbobin ɗaukar kaya ba su cika jure hanyar ba saboda ƙudan tsando, don haka bisa kan mutane ake ɗaukar kaya, galibinsu 'yan ƙabilar Nyamwezi waɗanda suka mai da dako sana'a. Sukan shiga da yadi da duwatsun ado da waya da bindigogi, su fito da bayi da hauren giwa. Hauren kuwa Indiya da Turai da Amurka ake kai shi, inda ake yin matsefi da ƙotar wuƙa da maɓallan fiyano da shi.

Turawan farko da suka ratsa ƙasar, kamar su Richard Burton da John Speke waɗanda suka isa Ujiji cikin 1858, hanyar fatake suka bi, da 'yan dakon fatake, bisa jagorancin mutanen ƙasa. Ke nan tsarin safari, daga tanti har zuwa mai bin sawu, Bature ya tarar da shi ne a tsaye. Ƙasar da ayarin ke ratsawa kuma cike take da jama'a: Masai da garkunansu a filayen kiwo, Sukuma da Kamba da Kikuyu a gonakinsu, da maharba iri iri masu kwari da baka.

ANNOBAR DA TA SHARE FILI

Cikin 1887 sojojin Italiya suka shigo da shanu ta tashar jiragen ruwa ta Masawa, a bakin Bahar Maliya, ashe shanun suna ɗauke da cutar bushiya. Cutar ta cinye shanun Habasha, ta gangara kudu ta isa ƙasar Masai wajen 1890 zuwa 1891, kafin 1897 ta kai ƙarshen Afirka ta Kudu. A wurare da dama cikin shanu goma tara sun mutu. Ta yi yamma ita ma, ta auka wa garkunan Barno da ƙasar Hausa, har Fulani suka daɗe suna tunawa da ita da sunan Sannu, saboda gaisuwar jajen da ake yi wa wanda dukiyarsa ta ƙare. Ba ta bar namun daji ba, gama ɓauna da raƙumin dawa da manyan dangin barewa duk sun faɗi.

Ga Masai, waɗanda rayuwarsu ta rataya kan madara, mutuwar shanu yunwa ce. Bayan yunwa agana ta biyo, bayan agana yaƙin basasa kan 'yan shanun da suka rage. Suna kiran wannan zamani Emutai, watau ƙarewa. Wani Bature ɗan ƙasar Ostiriya, Oscar Baumann, wanda ya ratsa Ngorongoro da Serengeti cikin 1892, ya rubuta labarin mutane da suka rame har ƙashi, suna bin ayarinsa suna roƙon abinci.

Abin da ya biyo baya shi ne mabuɗin wannan tarihi. Da shanu suka ƙare, kiwo ya tsaya, ƙunar daji ta ragu, sai sarƙaƙiya ta rufe makiyaya. Ƙudan tsando ya bi sarƙaƙiyar, ya kawo sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane. A kewayen tabkin Biktoriya ciwon barci ya kashe mutum fiye da dubu ɗari biyu a farkon ƙarni na 20. Namun daji sun fi jure tsando, saboda haka suka riga shanu farfaɗowa, suka mamaye wuraren da mutane suka bari. Daidai wannan lokaci ne Turawan mulki suka iso. Suka ga kango, suka ɗauka dajin Allah ne wanda ba a taɓa zama cikinsa ba.

ZAMANIN BINDIGA

Cikin 1896 Ingilishi suka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Mombasa, ta isa bakin tabkin Biktoriya cikin 1901. Nairobi kanta zangon ma'aikatan jirgi ce da aka kafa cikin 1899. Domin hanyar ta mai da kuɗin da aka kashe mata, sai gwamnati ta gayyato Turawa manoma, ta kuma share musu wuri: da yarjejeniyar 1904 da ta 1911 aka tashi Masai daga makiyayansu mafi kyau, har da tudun Laikipia, aka tura su kudu. Sun kai ƙara kotu, aka kori ƙarar cikin 1913.

Jirgin ya kuma kawo wani irin baƙo, watau attajiri mai neman suna ta wajen harbi. Wanda ya fi kowa tallata wannan harka shi ne Theodore Roosevelt, wanda ya sauka daga shugabancin Amurka cikin Maris 1909, ya iso Mombasa cikin Afrilu, ya ƙare tafiyarsa a Hartum cikin 1910. Ayarinsa mai ɗaruruwan 'yan dako ya tara wa gidan tarihin Amurka dabbobi da tsuntsaye fiye da dubu goma sha ɗaya. Shi da ɗansa Kermit kaɗai sun harbe dabbobi 512, cikinsu har da zakuna 17 da giwaye 11 da karkanda 20. Jaridun duniya suka bi labarin sawu da ƙafa, masu kuɗi kuma suka yi ta kwarara Nairobi. Daga nan sana'ar Bature maharbi mai rakiyar baƙi ta bunƙasa. Daga bakin irin waɗannan maharba ne aka samo jerin Manya Biyar, watau zaki da damisa da giwa da karkanda da ɓauna, dabbobin da suka fi haɗari ga mai farauta a ƙasa. Har yau jerin nan ne mai kyamara yake ƙoƙarin cikawa, ko da bai san asalinsa ba.

DOKA DA MAHARBIN GARGAJIYA

Tun kafin Roosevelt, wasu Turawa sun fara tsorata da yawan kisan, domin sun ga yadda bindiga ta share namun dajin Afirka ta Kudu. Cikin Mayu 1900 ƙasashe masu mulkin mallaka suka yi taro a Landan suka tsara yarjejeniyar kare namun dajin Afirka. Cikin 1903 aka kafa ƙungiyar kare dabbobin daular Ingila, wadda galibin manyanta tsofaffin maharba ne, har ana yi musu ba'a da sunan tubabbun mahauta.

Dokokin da suka fito daga wannan yunƙuri sun raba farauta gida biyu. Baƙo mai bindiga in ya biya fam 50 na lasin, ya sami izinin harbin dabbobi masu yawa, sunansa ɗan wasa. Mutumin ƙasa mai tarko da raga da rami da kibiya mai dafi kuwa, an haramta kayan aikinsa bisa hujjar cewa na zalunci ne, sunansa ya koma ɓarawon nama. Wanda duk ya san matsayin Sarkin Baka a ƙasar Hausa, da ilmin itatuwa da sawu da magani da ke hannun maharba, zai gane girman abin da aka rushe. Misalin da ya fi ban tausayi shi ne na Waliangulu, maharban giwa masu manyan bakuna a dajin Tsavo. Ran da aka mai da Tsavo gandun ƙasa cikin 1948, sana'ar da suka gada kaka da kakanni ta zama laifi, kuma a samamen 1956 da 1957 aka ɗaure mazajensu da yawa. Abin mamaki, daga cikinsu ne hukumar gandu da masu safari suka riƙa ɗaukar ƙwararrun masu bin sawu.

SHIGOWAR KYAMARA

Kyamarar farko da ta shiga daji tare da bindiga ta shigo. Wani Bajamushe, Carl Georg Schillings, wanda ya buga littafin hotunansa cikin 1905, yakan ɗaure jaki ko maraƙi da dare, ya ja zare daga wurin zuwa kyamara da hodar walƙiya, in zaki ya taɓa zaren sai ya ɗauki hoton kansa. Wani Ingilishi, Arthur Radclyffe Dugmore, wanda littafinsa ya fito cikin 1910, yakan tsaya gaban karkanda har ta taso masa, abokinsa na gefe da bindiga. Kyamarar lokacin akwati ce mai nauyi, ba ta jawo abu daga nesa sosai, saboda haka dole a matsa kusa, sau da yawa kuma dabbar da aka ɗauka hoto da ranta ba ta kai yamma ba.

Majigi ne ya kai dajin Afirka cikin biranen duniya. Martin Johnson da matarsa Osa, Amurkawa, sun zauna a dutsen Marsabit a arewacin Kenya daga 1924, da taimakon George Eastman mai kamfanin Kodak, suka fitar da fim ɗinsu Simba cikin 1928. Miji yana juya kyamara, mata tana tsaye da bindiga. A finafinan nan dabba ita ce tauraruwa, ɗan Afirka kuwa in ya fito, ko ɗan dako ne ko abin dariya. Miliyoyin mutane da ba su taɓa taka Afirka ba daga nan suka koyi yadda za su zata ta. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma mai riƙe da kyamara shi ke zaɓen abin da za a gani.

Duk da haka kyamara ta zo da wani sauyi na gaske. Zaki sau ɗaya ake harbinsa, amma ana iya ɗaukar hotonsa sau dubu, kowane sau kuma da kuɗinsa. Mota ta sauƙaƙa abin, domin an lura dabbobi ba su cika gudun mota ba kamar yadda suke gudun mutum a ƙasa. Afirka ta Kudu ta kafa gandun ƙasa na Kruger cikin 1926. Shekarar da ta biyo motoci uku kacal suka shiga, amma kafin shekara goma sun kai dubbai. A Kenya, cikin 1932, aka gina wani ɗan masauki bisa itace kusa da wani tabki a dajin Aberdare, mai suna Treetops, domin kallon dabbobi da dare ba tare da harbi ba. Can Gimbiya Elizabeth ta kwana cikin Fabrairu 1952, daren da mahaifinta ya rasu sarautar Ingila ta faɗo kanta. Cikin 1954 mayaƙan Mau Mau suka ƙone masaukin, abin da ke nuna yadda masu neman ƙasarsu suke kallon irin wannan wuri.

SERENGETI

Yarjejeniyar Landan ta biyu, ta 1933, ita ta shimfiɗa ma'anar gandun ƙasa: wuri mai iyaka, a hannun gwamnati, ba farauta, an keɓe shi domin dabbobi da masu kallo. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kafa na Nairobi cikin 1946, na Tsavo cikin 1948, na Serengeti a Tanganyika cikin 1951. Da farko an bar Masai cikin Serengeti da shanunsu, amma rigima ta yi ta tashi tsakaninsu da hukumar gandu. Cikin 1958 aka sa dattawansu suka sa hannu a takardar barin Serengeti, cikin 1959 aka raba ƙasar biyu: yamma ta zama gandu mai faɗin murabba'in kilomita kusan 14,750, ba mazauni, gabas, watau Ngorongoro, ta zama wurin da mutane da dabbobi za su zauna tare. Gwamna Richard Turnbull ya yi wa Masai alkawari cewa a Ngorongoro, in bukatar dabba ta ci karo da ta mutum, ta mutum za a fifita. Ƙabilun yammacin Serengeti, irin su Ikoma, su ma sun rasa wuraren farautarsu da na ibadarsu.

A tsakiyar wannan rigima ne Bernhard Grzimek, shugaban gidan namun daji na Frankfurt a Jamus, da ɗansa Michael suka iso da ƙaramin jirgin sama wanda aka yi wa fenti irin zanen jakin dawa. Suka ƙirga dabbobin Serengeti daga sama, suka sami kimanin 367,000. Cikin Janairu 1959 jirgin Michael ya yi karo da ungulu ya faɗi, ya rasu yana da shekara 24, aka binne shi a bakin ramin Ngorongoro. Fim ɗin da suka yi, wanda ma'anar sunansa ita ce Serengeti ba za ta mutu ba, ya ci babbar kyautar finafinai ta Amurka cikin 1960, ya kuma jawo wa gandun kuɗi da masoya a duniya. Ba a musun sadaukarwar wannan uba da ɗansa. Amma Grzimek ya tsaya kai da fata cewa gandun ƙasa bai kamata kowa ya zauna cikinsa ba, ko da 'yan asalin wurin ne, kuma wannan ra'ayi shi ya yi rinjaye.

Akwai wani abin lura a nan wanda ba a cika faɗa ba. Dabbar da ta fi jawo baƙi zuwa Serengeti ita ce wadda Sawahili ke kira nyumbu, mai kama da kanki, mai gemu da ƙaho irin na ɓauna, wadda takan yi ƙaura kowace shekara tana bin ruwan sama har ta haye kogin Mara. Cikin 1961 yawansu bai wuce kimanin dubu 250 ba, amma kafin 1977 sun haura miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Babban dalilin wannan ƙaruwa shi ne allurar rigakafin bushiya da malaman dabbobi suka yi wa shanun da ke kewaye da gandun. Da cutar ta ƙare jikin shanu, sai ta ɓace jikin namun daji. Watau garken da duniya ke zuwa ɗaukar hotonsa, lafiyar shanun makiyayi ce ta raya shi.

BAYAN MULKIN KAI

Turawa da yawa sun zaci gwamnatocin 'yan ƙasa za su rushe gandaye. Hakan bai faru ba. Cikin Satumba 1961, wata uku kafin Tanganyika ta sami mulkin kai, Julius Nyerere ya sa hannu a sanarwar Arusha, inda ya ɗauki alkawarin riƙe namun daji amana domin jikoki. Sababbin gwamnatoci suna bukatar kuɗin waje, jirgin sama mai sauri kuma ya sa malamin makaranta daga Jamus yana iya zuwa hutun mako biyu. Kafin ƙarshen shekarun 1980 yawon buɗe ido ya shiga sahun gaba cikin hanyoyin samun kuɗin waje na Kenya, kafaɗa da kafaɗa da shayi da gahawa.

Sai dai gwamnatocin sun gaji tsarin tare da halinsa. Alkawarin Ngorongoro bai daɗe ba: cikin 1974 aka fitar da mazauna daga cikin ramin, cikin 1975 aka hana noma. Da aka mai da Amboseli gandun ƙasa a Kenya cikin 1974, aka raba Masai da fadamun da suke shayarwa da rani, samarinsu suka huce haushinsu kan karkanda da giwa da masu. Kuɗin ƙofa yana tafiya baitulmali, ribar masauki tana tafiya kamfani, manomin da giwa ta tattake masa gona da makiyayin da zaki ya kashe masa saniya kuwa sai haƙuri. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Cikin 1977 Kenya ta haramta farautar manyan namun daji gaba ɗaya, kyamara ta gaje filin. Amma haramcin bai tsai da fataucin haure ba. Giwayen Kenya sun faɗo daga kimanin 167,000 cikin 1973 zuwa kimanin 16,000 cikin 1989, shekarar da Shugaba Daniel arap Moi ya cinna wa tan 12 na haure wuta a Nairobi, aka kuma hana cinikinsa tsakanin ƙasashe. Wani binciken masana da aka buga cikin 2016 ya nuna namun dajin makiyayan Kenya sun ragu da kusan kashi 68 cikin ɗari tun daga 1977. Dalili kuwa a fili yake: galibin dabbobin suna rayuwa ne wajen gandu, a ƙasar jama'a, kuma mutum ba ya kiwon abin da ba ya amfana masa komai sai ɓarna.

Wannan ya sa aka fara gwada wata hanya. Zimbabwe cikin 1989 da Namibiya cikin 1996 sun ba al'ummomin karkara ikon cin moriyar namun dajin ƙasarsu. Afirka ta Kudu cikin 1998 ta mayar wa jama'ar Makuleke ƙasar da aka kore su daga cikinta a arewacin Kruger cikin 1969, suka zaɓi barinta gandu suna karɓar rabonsu. A kewayen Masai Mara, daga wajen 2006, masu filaye suka fara haɗa filayensu suna ba masu masauki haya, ana biyansu wata wata. Hanyar tana da nata aibi, gama annobar korona ta 2020 ta nuna haɗarin dogara ga baƙo kaɗai. Tsohuwar hanya kuma ba ta mutu ba: cikin Yuni 2022 gwamnatin Tanzaniya ta shata murabba'in kilomita 1,500 a Loliondo, gabas da Serengeti, ta fitar da makiyaya da ƙarfi, har aka zub da jini.

YANKARI DA KURE

Wannan tarihi ya taɓo Afirka ta Yamma, ko da yake a ƙaramin ma'auni. Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe dajin Yankari a ƙasar Bauchi cikin 1956, aka buɗe shi ga masu kallo ran 1 ga Disamba 1962, ya zama gandun ƙasa cikin 1991, ya koma hannun Jihar Bauchi cikin 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, kogin Gaji ya ratsa shi, ga kuma ruwan ɗumi na Wikki. Mazauna sun bar Yankari tun kafin a kafa gandun, saboda haka ba a yi irin tashin Serengeti ba. Amma tsofaffin rijiyoyi da matoyar tama da ɗakunan da aka fafe cikin dutse suna nan, suna shaida cewa nan ma dajin yana da tarihin mutane. Raƙumin dawa ya ɓace daga Yankari, giwayen da suka rage kuma sukan fita su afka wa gonakin ƙauyukan ƙasar Alkaleri. Makomar giwayen tana rataye da amsar da manomin ƙauyukan nan zai bayar in an tambaye shi abin da gandun ya taɓa tsinana masa.

A Jamhuriyar Nijar kuwa akwai misali na dabam. A yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, raƙuman dawa na ƙarshe na Afirka ta Yamma suna yawo cikin gonakin gero da wake na Zabarmawa, ba shinge, ba a kuma tashi kowa ba. Cikin 1996 saura 49 suka rage. Aka tsananta hana harbi, aka horar da samarin ƙauyuka su zama jagororin baƙi, aka taimaki jama'a da rijiyoyi da ƙananan basussuka. Cikin shekara ashirin da 'yan kai suka haura 600, har cikin 2018 aka ɗebi takwas aka kai dajin Gadabeji a jihar Maradi. Amma ran 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a Kure, baƙi suka ɗauke ƙafa. Ba a kallon dabba inda rai bai tsira ba.

KAMMALAWA

Abubuwa uku suka fito daga wannan tarihi. Na farko, filin da ake ɗauka hoto ba kowa cikinsa, galibi makiyaya ce ko gona ko wurin farautar wasu, kuma jikokinsu suna nan bakin iyaka. Na biyu, canjin bindiga da kyamara alheri ne babba ga dabbobi, amma bai canja wanda kuɗin ke shiga aljihunsa ba sai inda doka ta canja. Na uku, inda aka sa maƙwabcin daji cikin rabo, kamar Kure da Makuleke, an ga ci gaba. Inda aka mai da shi abokin gaba, an kashe kuɗi kan dogarai da bindigogi, rigima kuma ba ta ƙare ba.

Saboda haka ya kamata ma'aikacin da aka danƙa wa sha'anin gandun daji ya riƙa tambayar abu huɗu kafin ya sa hannu: su wa ke amfani da wurin nan yanzu, da rani da damina, nawa ne daga kuɗin ƙofa zai tsaya a ƙauyukan kewaye, kuma a hannun wa, wa zai biya diyya in giwa ta ci gona, sa'an nan maharbi da makiyayi, waɗanda suka fi kowa sanin dajin, wane aiki aka tanadar musu. Ɗalibi kuma, musamman yanzu da kyamara ta shiga aljihun kowa cikin wayar hannu, yana da aikin da ke jiransa: ya je ƙauyukan da ke kewaye da Yankari, ya zauna da tsofaffin maharba da ardon Fulani, ya rubuta sunayen tabkuna da burtaloli da kufai kafin masu saninsu su ƙare. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa, kuma tarihin dajin Afirka ba zai cika ba sai an ji daga bakin masu shi.